Auta Ta Rame, Gida Ya Rikice

"Daga yau ba ke ba fitar safe! Kin ji ni ko ba ki ji ni ba?"

Yaya ne tsaye a ƙofar falo, ya toshe ta da tumbinsa, ko kyanwa ba za ta samu hanyar wucewa ba. Auta tana durƙushe tana ɗaure igiyar takalminta. Ta ɗago ta dube shi.

"Na ji ka, Yaya. Unguwa ma ta ji ka."

Kada ku ji an ce Auta ku ɗauka yarinya ce. Ta ba hamsin baya, tana da jika, mijinta ya daɗe da rasuwa. Amma a gidan nan ko furfura ta rufe mata kai Auta ce, kuma Yaya ne mai faɗa a ji, in dai Inna ba ta yi gyaran murya ba.

Inna tana kan kujerarta, ta ɗaga wani zobe sama.

"Dubi nan, Babba. A banɗaki na tsince shi. Zoben da sai da sabulu ake cire mata, yau shi ke zamewa da kansa. Wayyo ni, 'yata tana ƙarewa ina kallo!"

"Inna, ba ƙarewa nake ba, raguwa nake."

"Ka ji ko! Da bakinta ta faɗa."

To, ga yadda abin ya samo asali. Bara ne Auta ta fara ganin jini bayan ta daɗe da daina al'ada. Ta yi ta ɓoyewa, har 'yarta ta zo ganin gida ta gano, ta ja ta asibiti. Aka ce ciwon daji ne a cikin mahaifa. Aka yi aiki aka cire mahaifar, Allah Ya sa an tari abin da wuri. Ranar sallama likitar, wata siririya mai gilashi, ta zaunar da ita ta ce ƙiba tana cikin abubuwan da ke jawo irin wannan cuta, kuma yanzu abin da za a tsare shi ne zuciya da suga da hawan jini. Ta ce ta riƙa tafiya kullum, ta rage maiƙo da zaƙi, a hankali, ba tare da ta zauna da yunwa ba.

Inna tana wurin. Suna fitowa ta taɓe baki ta ce, "Ita da iska za ta iya ɗauka, me ta sani game da lafiya?"

Don a gidan su Auta da ido ake auna lafiya. Mai lafiya shi ne wanda in ya zauna kujera ta yi ƙara.

Ranar da Auta ta fara fita, ko falwayar wuta ta bakin layi ba ta kai ba ta jingina da katanga tana haki kamar an biyo ta. Tela, wanda ke ɗinka wa gidan nan kaya tun Auta tana amarya, yana hanyar shago ya gan ta. Ya wuce abinsa. Washegari sai ga shi a bayanta, nesa kaɗan, da 'yar kujera a hannu. In ta tsaya ya ajiye ta zauna, shi kuma ya juya baya yana kallon sama kamar mai neman wata. In ta tashi ya ɗauka.

Jama'a, unguwa ta samu abin yi! Matan da ba su taɓa share ƙofar gida ba suka zama masu tsafta, don kawai su ga dattijo, wanda matarsa ta rasu ya aurar da 'ya'ya, yana bin bazawara da kujera.

Kafin damina ta wuce Auta tana zagaye filin makaranta ba ta nemi wurin zama ba. Barci ya dawo mata, gwiwa ta daina kuka, dariyar nan tata da ake ji daga layin baya ta dawo. Kujera ta koma gida, Tela bai koma ba.

Da ya sami Yaya ya ce yana neman aurenta, Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam Tela, tun ba a ba ka ba ka cinye rabinta. In an ba ka me za ka rage mana?"

Ashe Yaya da nasa ɗan takarar a aljihu.

*

Da yamma ɗan takarar ya iso. Alhaji Mai Motoci ne, abokin Yaya, wanda matarsa ta tattara ta bar shi, wasu na cewa saboda minshari, ni dai ban kwana a gidan ba. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, kuloli suka biyo bayansa: soyayyun kaji, nama yana ninƙaya a mai, kek, da lemon kwalba katan guda.

Ya zauna. Kujera ta yi ƙara. Inna ta lumshe ido don daɗi.

"Hajiya Auta," ya ce, "an gaya mini duk abin da ya same ki. Ni ba haihuwa nake nema ba, na tara. Hutu na zo in ba ki. In kin shiga gidana, ƙafarki da ƙasa sun yi sallama. Ko maƙwabta za ki shiga, direba zai kai ki."

"To Alhaji, ƙafar in yi me da ita? In sa a jaka?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya nuna hoton da ke bango, na bikin 'yarta, inda Auta ta cika kujerar mutum biyu.

"Wannan nake so a dawo mini da ita. Ki ba ni wata uku kawai."

"Waccan matar ba ta iya sunkuyawa ta yanke farcen ƙafarta, Alhaji. Waccan a zaune take salla."

"Ai shi ne hutun!" in ji Yaya, yana ɓare cinyar kaza.

Auta ta tashi ta shige ɗaki.

Haka aka rufe ta a gida. Da safe Tela ya zo ya tsaya a gindin falwaya, ya jira har rana ta yi zafi, ya wuce. Auta tana leƙensa ta labule. Ta gwada zagaye tsakar gida, amma tsakar gidan taku kaɗan ne ka ci karo da tankin ruwa, ga Inna na binta da faranti tana cewa ko loma ɗaya. Sati bai cika ba barci ya ƙaurace mata, gwiwa ta dawo da tsohon halinta, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Wata safiya Inna ta shiga ta same ta zaune bakin gado, takalmin tafiyar a cinyarta, hawaye na ɗiga a kansa.

"Au, kuka kike? Don an hana ki yawo?"

"Inna, me na yi muku? Na kwanta kun yi kuka, na tashi kuna kuka. Yaya kuke so in yi?"

Inna ta zauna kusa da ita. Ta kama damtsenta ta matsa, kamar mai taya kaza a kasuwa. Sai ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Babanku haka ya fara. Riga ta yi masa yawa, agogo ya riƙa yawo a hannunsa. Kullum in na tambaya ya ce lafiya lau. Har na rufe masa ido yana cewa lafiya lau. Ke ma da za a shiga da ke ɗakin aikin nan kin ce mini lafiya lau. Wanda maciji ya sara, Auta, ko tsumma ya gani gudu yake."

Auta ta rungume ta.

"Inna, ramar da ta zo wa mutum ba da gayyata ba, ita ce abin tsoro, likita ma ta gaya mini in na ga haka in garzayo. Tawa kuwa ni na nemo ta da gumina. Duk lokacin da suka sa mini ina komawa, suna dubawa, ba su ga komai ba. Ina ci ina ƙoshi. Wallahi rabon da in ji daɗin jikina haka tun kafin in haihu."

"To shi wannan Telan fa? Me ya ba ki?"

Auta ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta kamar 'yar sha bakwai.

"Bai ba ni komai ba. In na gaji ya rage sauri, in na yi sauri ya ƙara. Kuma bai taɓa kallona da idon tausayi ba."

Inna ta share majina da gefen mayafi ta ce, "Hmm. Soyayya ba nama ba ce, ba ta cika zane." Ta fita. Amma farantin da ta shigo da shi, ta fita da abinta.

*

Ana haka sai Alhaji ya aiko cewa yayyensa mata za su zo ganin Auta, ya haɗo da rigar da yake so ta sa ranar. Leshi ne mai nauyi, ruwan zuma, yana walƙiya. Sai dai da ya nemi awo, Inna ta ɗauko tsohuwar rigar hoton nan ta ba shi a ɓoye.

Auta ta zura rigar ta fito falo. Wuyan ya sauko kafaɗa, hannuwan suka wuce yatsu, gindin yana share ƙasa. Ta buɗe hannu ta juya.

"Yaya, shigo mana, akwai wuri."

Yaya bai yi dariya ba. Ya zagaya ta yana shafa gemu, can ya tafa hannu.

"Na samo dabara! Ba za a rage ba. Soso za a sa. A cusa a kafaɗa, a cusa a ƙugu, a cusa a baya. In baƙi sun zo su ga mace cikakkiya. Kafin su gane, Alhaji ya cike gurbin da kaji."

"Katifa za ka aurar ko ƙanwarka?"

"Ke dai yi shiru. Inna, wane tela za a kai wa?"

Inna ta dube shi kamar ya tambayi sunanta.

"Tela nawa muke da shi? Ni almakashin wani bai taɓa taɓa kayan gidana ba, ba kuma a kan leshin mutane za a fara ba."

"Inna, mutumin da na kora?"

"Aurenta ka hana shi, ba ɗinki ba. Kuma ka san halinsa, ba ya sa allura a riga sai mai rigar ta tsaya gabansa ta faɗi abin da take so. Da ita za a je. Ni ma ƙafata ƙafarku, don in sa ido."

Alhaji da kansa ya kwashe su a mota. Shagon Tela yana can saman benen kasuwa, hawa na ƙarshe. Alhaji ya leƙo ta taga ya ga matakala ta miƙe sama kamar ba ta da niyyar ƙarewa, ya gyara zama.

"Ku je ku dawo. Ni da bene ba ma ga maciji."

Yaya ya saɓa jakar riga da damin soso, ya shige gaba yana cewa a bi shi a hankali saboda marar lafiya. Auta ta riƙe hannun Inna, suna hawa suna hutawa.

A hawa na biyu suka iske Yaya zaune a kan matakala, ya cire hula, gumi ya jiƙa masa riga, bakinsa a buɗe.

"Ku... ku wuce. Waya nake jira."

Auta ta kai Inna har ƙofar shago ta zaunar da ita a kan benci. Ta sauko ta ɗauki jaka da soso ta haura. Ta sake saukowa har ƙasa ta sayo ruwan sanyi, ta miƙa wa Yaya, ta sa kafaɗarta a hammatarsa.

"Taso, marar lafiya ta taimaka maka."

Duk wannan hawa da sauka Inna tana leƙowa ta saman ƙarfen bene. Bakinta ya daina motsi da addu'ar da take yi tun daga mota.

Shagon ɗan ƙarami ne, yana warin man keke da sabon yadi. Keken ɗinki a bakin taga, dutsen guga a gefe, zaruruwa kala-kala a jere kan ƙusoshi, ƙyallaye sun rufe ƙasa. Tela yana tsaye da tef a wuya da alli a bayan kunne. Da ya ga Auta, allurar da ke bakinsa ta faɗi.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Falwaya tana gaishe ki."

"Ina amsawa."

Yaya ya zube a kan tarin yadi. Da numfashi ya dawo masa, ya yi bayanin soso tiryan-tiryan. Tela ya shimfiɗa rigar a tebur, ya shafa leshin, ya gane ko ta wace rana ce. Fuskarsa ta faɗa, amma ya daure.

"Aiki ne mai kyau. In mai rigar ta ce a sa soso, zan sa, ba kuwa wanda zai gane."

Kafin Auta ta buɗe baki, Inna ta kamo gefen rigar da ke jikin Auta. Tun a bene da ta riƙe ƙugunta take jin wani abu mai kauri a ciki. Ta juya ɗinkin waje. Sai ga yadi an kalmashe shi, an kwantar, an bi shi da ɗinki, faɗinsa ya kai tafin hannu a kowane gefe.

"Malam, wannan fa? Ba kai kake rage mata kaya ba? Me ya hana ka yanke rarar?"

Tela ya sosa ƙeya.

"Inna, ni in mutum ya yi jinya ya kawo a rage masa kaya, ba na yankewa. Kalmashewa nake in bar masa a ciki. In ya warke ya murmure, sai a farke a saki. Yankewa kamar na fitar da rai ne da mutum."

Inna ta riƙe haɓa. "Ashe kai ma jira kake ta cika."

Auta ta juyo a hankali ta dube shi, idonta ya ciko.

"Kai ma? Kai da kake gefena kullum? Ka ga ranar da ban kai falwaya ba, ka ga ranar da na bar ka a baya kana haki. Duk wannan a wurinka jinya nake?"

"Ba haka ba ne, ranki ya daɗe..."

"Haka ne mana! Inna tana cusa mini kaza, Yaya yana cusa mini soso, kai kuma kana ɓoye mini tsohon jikina a cikin riga. Ina yawo da shi ban sani ba. Wai sai yaushe za ku yarda na warke?"

Hawaye suka zubo mata. Tela ma, dattijo da shi, ya cire gilashi yana goge ido da ƙyallen wani.

"Na yarda da idona," ya ce. "Hannuna ne ya ƙi yarda. Na ɗauki almakashi ya fi a ƙirga, sai in tuna marigayiya, kayanta ban samu na saki ba. Tsoron da Inna take ji, ni ma shi nake ji. Ki yafe mini."

"Ba na komawa cikin yadin nan. In kana sona, wannan da ke tsaye ita za ka so."

Inna ta dubi 'yarta, wadda ta gama hawa da sauka ko haki ba ta yi. Ta dubi ɗanta, wanda ke fifita da kwalin maɓallai. Ta miƙa hannu ta ɗauki almakashin da ke kan tebur, ta juya shi ta miƙa wa Tela ta wajen mariƙi.

"Shiga bayan labule ki miƙo masa rigar, ki ɗaura wancan zanen. Kai kuma yanke."

"Inna!" in ji Yaya.

"Na ce ya yanke."

Rigar ta fito daga bayan labule. Tela ya farke ɗinkin, ya yi bisimilla, almakashi ya ce ƙaras, ƙaras. Dogon ƙyalle ya faɗi ƙasa. Ya juya ɗaya gefen, na biyu ya bi shi. Ya hau keke ya bi ɗinkin.

Da Auta ta fito, rigar ta zauna mata ɗas. Ta juya, ta yi dariyar nan tata, har mai shagon takalma na ƙasa ya leƙo.

Inna ta yi gyaran murya.

"Babba, naɗe leshin mutane yadda ya zo. Malam Tela, ka turo manyanka. Amma da sharaɗi: in na ga ta yi ramar da ba ita ta nema ba, kai zan riƙe, kuma a ranar za ka kai ta asibiti."

"Ko a bayana ne, Inna."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ƙanwarsa, ya ga yadda fuskarta ke sheƙi. Ya sauke ajiyar zuciya.

"To. Allah Ya sa alheri. Amma sosona fa?"

"Ka yi matashi da shi," in ji Auta.

Daga ƙasa hon ya tashi, ɗiit, ɗiit, ɗiiit. Alhaji ya gaji da jira.

Kowa ya juya ya dubi Yaya.

"A'a, ku tsaya. Auta, ke da kike da ƙafa, ɗan sauka ki..."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," in ji Inna, ta ɗora masa jakar leshi a cinya. "Kai ka kira shi, kai za ka sallame shi. In ka gama ka hauro ka ɗauke ni."

Yaya ya leƙa matakala. Ya dubi Inna.

"In hauro? Kuma?"